Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Alƙalai, Lauyoyi Da Masu Tsara Doka: A Buɗe Ɗakin Sasanci Kafin Zauren Shari'a

Zuwa ga masu girma alƙalan da ke sauraron shari'o'in aure, da lauyoyin da ke tsayawa a gabansu, da 'yan majalisun da ke rubuta dokokin da ake hukunci da su.

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta malamai, ya dafa muku a kan nauyin da ke wuyanku.

Ina da shekara tara auren iyayena ya mutu, ina da goma sha biyu shari'arsu ta ƙare. Mutuwar auren ba ta ɗauki yini guda ba. Abin da ya biyo bayanta ne ya ci shekara uku: wa zai riƙe ni da ƙanwata, nawa mahaifinmu zai riƙa bayarwa duk wata, da wasu 'yan kayayyaki da kowannensu ya rantse da guminsa aka saya. An ɗage zama har na daina ƙirgawa. Sau biyu aka je da ni kotu, a na biyun aka tambaye ni, a gaban kowa, wurin wa na fi son zama. Na ba da amsa. Yau ga furfura a kaina, amma ban daina jin nauyin amsar nan ba, domin ko wacce na bayar sai ta soki ɗayansu. Alƙalin mutumin kirki ne, ban taɓa riƙe shi a zuciya ba. Ya yi aiki da abin da aka shimfiɗa a gabansa. Sai dai kafin ranar hukunci, mahaifina da mahaifiyata sun riga sun gaya wa juna maganganun da ba sa kankaruwa, a gaban magatakarda da shaidu da 'yan kallo. Bayan nan ba su sake haɗa inuwa ba sai a bikin ƙanwata, shi ma kowa da gefensa, mu muna safa da marwa a tsakani.

Wannan ne ya sa nake rubuto muku. Roƙona shi ne ku mayar da zaman sasanci ƙofar farko da ma'auratan da suka rabu za su bi kafin su isa zauren shari'a, ku kuma gina shi da kyau, da mutanen da suka san aikin, da kariya ga mai rauni. Rabin roƙon nan yana da sauƙin karɓa, domin kowa yana son a rage cunkoson ƙararraki. Ɗaya rabin ne nake tsoron a yi wa riƙon sakainar kashi, shi ya sa zan fi daɗewa a kansa.

Bari in fara da warware wani ruɗani. Da zarar an ambaci sulhu a maganar aure, abin da ke faɗo wa yawancin mutane a rai shi ne a gyara tsakani, a koma zama. Wannan aikin alheri ne inda zai yiwu, ina kuma jinjina wa masu yin sa. Amma akwai auren da ya riga ya ƙare, ko an so ko ba a so ba, masu shi kuma suna da sauran al'amura a gabansu da dole a daidaita. Sasancin da nake nufi shi ne wanda ake yi bayan an tabbatar babu komawa. Mutum na uku, wanda ba shi da ɓangare kuma ba shi da ikon yanke hukunci, zai zaunar da su biyun, ya taimaka musu su tsara da bakinsu yadda rayuwa za ta kasance daga yau: inda yara za su kwana, ranakun da za su je wurin ɗayan, ciyarwa da kuɗin makaranta da na asibiti, rabon abin da aka tara tare, da bashin da aka ci tare. Idan aka cakuɗa ayyukan nan biyu a ɗaki ɗaya, a hannun mutum ɗaya, wanda ya zo a daidaita masa rabuwa sai ya tarar ana lallashinsa ya koma, ya fita yana ganin an yi masa shigo-shigo ba zurfi, ba kuwa zai sake dawowa ba.

Yadda ake gudanar da shi a wuraren da suka ƙware ba shi da wata sarƙaƙiya. Mai shiga tsakani yana fara ganin kowannensu shi kaɗai, ya ji ta bakinsa, ya kuma auna ko zama tare zai yiwu ba tare da tsoro ba. Daga nan a yi zama uku ko huɗu ko biyar, kowanne kamar awa ɗaya da rabi zuwa biyu, da tazarar kwanaki a tsakani don zuciya ta huce, kowa kuma ya nemi shawara. In akwai maganar dukiya, kowa zai bayyana abin da ya mallaka da abin da ake bin sa, da takardu a hannu. Abin da aka faɗa a ɗakin nan a nan yake tsayawa, ba a ɗaukar sa a kai gaban alƙali a matsayin hujja, in ban da abin da ya shafi cutar da yaro ko barazana ga rai. Wannan rufin asirin shi ke riƙe da aikin gaba ɗaya. Mutumin da ya san duk kalmar da ya furta ana iya juya ta a kansa gobe ba zai taɓa cewa "a nan na yi kuskure" ba, balle ya ce "a can zan iya sassautawa".

Allah ya gafarta malamai, ba raina kotu nake yi ba. An gina ta ne don ta amsa tambayar da ke da amsa ɗaya: wa ya ci bashin, wa ke da filin, wa ya saɓa alkawari. Tana duban abin da ya wuce, ta auna hujja, ta ba mai gaskiya gaskiyarsa, a tashi. Masu rikicin fili suna iya rabuwa har abada bayan hukunci. Iyayen yaro ɗan shekara huɗu kuwa suna da aƙalla shekara goma sha huɗu a gabansu da dole su riƙa magana da juna, a kan zazzaɓin dare, a kan sauya makaranta, a kan abokan da yaron ya fara bi. Tsarin da zai sa kowannensu ya tono mafi munin abin da ya sani game da ɗan'uwansa, ya rubuta shi a takardar rantsuwa, ya kawo shaidu su gaskata, yana toshe hanyar da dole su bi gobe da jibi. Alƙali kuma, komai basirarsa, 'yan sa'o'i yake da su a kan kowane iyali. Bai san uwar tana aikin dare ranar Talata da Alhamis ba, bai san ƙaramin yaron ba ya barci sai a gefen yayarsa ba, bai san uban ne kaɗai ke iya shawo kansa ya sha magani ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Hukunci yakan fito da jimla ɗaya, cewa uba yana da damar ziyara. Iyaye a ɗakin sasanci kuwa suna iya rubuta ranar, da lokacin, da wurin da za a miƙa yaron, da yadda za a raba hutun makaranta, da abin da za a yi in ɗaya ya makara ko tafiya ta kama shi.

Kada a ɗauka wannan zancen zuci ne kawai na wanda abin ya shafa. A shekarun 1980 wani masanin halayyar ɗan'adam a Jami'ar Virginia ta Amurka, Robert Emery, shi da abokan aikinsa, sun ɗauki iyalai 71 waɗanda suka riga suka shigar da ƙarar riƙon yara, wato waɗanda rikicinsu ya yi tsami. Aka raba su biyu ta hanyar ƙuri'a, aka tura kashi ɗaya sasanci, ɗayan suka ci gaba da shari'a yadda aka saba. Zaman sasancin bai wuce kimanin awa biyar ga kowane iyali ba. Bayan shekara goma sha biyu aka koma aka nemo su, aka wallafa sakamakon a 2001. A cikin iyayen da yara ba sa zaune a wurinsu, kashi 28 cikin 100 na waɗanda suka bi sasanci suna ganin 'ya'yansu duk mako, a ɓangaren shari'a kuwa kashi 9 ne. Masu magana da 'ya'yansu ta waya duk mako kashi 52 ne a ɓangaren sasanci, 14 a ɓangaren shari'a. Iyalan ba su da yawa, daga yanki ɗaya kuma suke, don haka ba zan ɗora wa binciken kayan da ya fi ƙarfinsa ba. Amma ƙuri'a ce ta raba su, ba kyan hali ba, abin da ya bambanta su kuma awa biyar ne. Duk sa'ad da na duba alƙaluman nan sai in tuna shekarun da na yi ina ganin mahaifina sau biyu a shekara.

Ba kuma baƙon abu nake kawo muku ba. Musulmi suna karanta umarnin da ke aya ta 35 a Suratun Nisa'i, cewa in aka ji tsoron ɓaraka a naɗa mai sulhu daga dangin miji da mai sulhu daga dangin mata. Abin da aka fi mantawa shi ne ayoyin da ke magana a kan bayan saki. Aya ta 6 a Suratuɗ Ɗalaƙ, tana zancen shayar da jariri da ladan shayarwar, ta ce wa mutum biyun da suka riga suka rabu su yi shawara a tsakaninsu da alheri. An kuma ruwaito cewa Sayyidina Umar ya umarci a riƙa mayar da masu husuma har su sasanta, domin yanke hukunci yana gadar da ƙullaci. A wani ɓangaren duniya, wani lauya a birnin Atlanta mai suna O. J. Coogler ya ɗanɗana ɗacin shari'ar mutuwar aurensa, ya buɗe cibiyar sasancin iyali a tsakiyar shekarun 1970, ya zama cikin waɗanda suka mayar da abin sana'a mai ƙa'idoji. Daga 1981 jihar Kaliforniya ta wajabta wa iyaye masu jayayya a kan riƙon yara su fara da sasanci. A Norwe, ma'auratan da ke da yaro ɗan ƙasa da shekara 16 ba sa samun takardar rabuwa sai sun halarci zaman. Awa ɗaya ce dole, ana iya ƙara musu har ta kai bakwai, kyauta. Masar ta kafa kotunan iyali a 2004, ta haɗa su da ofisoshin sasanci masu masanin shari'a da na zamantakewa da na halayyar ɗan'adam, aka ba su kwana 15 su gwada kafin ƙara ta shiga. Ostireliya ta yi gyaran dokarta a 2006, ta buɗe cibiyoyi 65 na taimakon iyali, daga 2007 kuma sai da takardar shaidar an gwada sasanci ake karɓar ƙarar riƙon yara. Saboda haka ba lalube a duhu za ku yi ba. Wasu sun riga sun bi hanyar, an ga inda suka dace, an kuma ga inda suka yi tuntuɓe.

A kan tuntuɓen nake so mu tsaya.

Sasanci yana tsayuwa ne a kan zaton cewa kowane ɗaya daga cikin mutum biyun yana iya cewa a'a. Inda ɗaya ya shafe shekaru yana dukan ɗaya, ko yana razana shi, ko ya ƙwace masa kuɗi da waya da damar fita, wannan zaton ya rushe tun kafin a zauna. Matar da ta saba karanta fuskar mijinta don ta san ko yau za a kwana lafiya ba za ta daina karanta ta ba don an zaunar da su a ofis. Kallo ɗaya ya isa ta sa hannu a kan abin da zai cuce ta ita da 'ya'yanta, mai shiga tsakani kuma ya rubuta a rahotonsa cewa an daidaita cikin lumana. Akwai mazan da su ma ke cikin irin wannan ƙangin, kunya ta hana su buɗe baki. Shi ya sa dokar Sifaniya ta 2004 a kan cin zarafin mata ta haramta sasanci a irin waɗannan shari'o'i, sashe na 48 na Yarjejeniyar Istanbul ta 2011, wadda Majalisar Turai ta tsara don yaƙi da cin zarafin mata, kuma ya hana a tilasta wa wanda aka ci zarafinsa shiga sasanci. Dokokin Ostireliya da na Ingila, duk da suna tura mutane zaman farko, sun cire wanda aka ci wa zarafi, da inda ake tsoron cutar da yaro, da al'amarin gaggawa.

Rubuta wannan togaciyar a takardar doka ba ya wadatarwa, domin wanda aka zalunta ba ya shigowa da alama a goshi. Da yawa ma ba sa kiran abin da ake musu da sunan cin zarafi; in ka tambaya sai su ce ai zaman aure ne, ya gaji haka. Dole a koya wa mai shiga tsakani irin tambayoyin da ke fito da gaskiya, ya kuma yi su a keɓe, inda ɗayan ba ya ji: "Kina jin tsoronsa? Me ke faruwa in kika ƙi abin da yake so? Wa ke riƙe kuɗin gida? Akwai abin da ba za ki iya faɗa ba in yana zaune?" Idan amsar ta nuna haɗari, a tsayar da zaman, a mayar da maganar gaban alƙali, ba tare da an bayyana wa ɗayan abin da aka ce ba, don kada fitar ta zama sabon dalilin duka. Inda abin bai kai haka ba amma zama fuska da fuska yana da nauyi, akwai dabarar ajiye su a ɗakuna biyu, mai shiga tsakani yana kai saƙo yana dawowa, a kuma bambanta lokacin zuwansu da na tafiyarsu don kada su haɗu a bakin ƙofa. Waɗannan ƙananan abubuwa ne a ido, amma a kansu ake tsira ko a halaka.

Akwai wata cutar da ta fi wannan ɓuya, ita ce mai shiga tsakanin da ke ganin aikinsa shi ne a rufe fayil. Irin wannan mutumin ba sai ya kasance mugu ba. Yana duba mutum biyun da ke gabansa, ya gane wanda ya fi sauƙin tanƙwarawa, sai ya karkata matsinsa can, domin ta nan yarjejeniya za ta fi saurin fitowa. "Ki yi haƙuri, ki bar masa, ai don yara ne." "Ka yi haƙuri, ka daina neman ganinsu, in sun girma za su neme ka." Haƙuri abu ne mai daraja, na kuma ga gidajen da shi ya riƙe su. Amma in kullum a wurin mutum ɗaya ake neman sa, to ya zama haraji a kan mai rauni. Hadisi ya riga ya shata iyaka, cewa sulhu halal ne in ban da sulhun da ya halatta haram ko ya haramta halal. Ciyar da yaro haƙƙin yaron ne, ba na uwarsa ba ne balle ta yafe shi don a bar ta ta huta da fitina. Saboda haka ina roƙon hukumomin da za su kula da wannan aiki kada su auna ƙwazon ma'aikaci da yawan takardun da aka sa wa hannu a ofishinsa. Da zarar an ɗora ƙarin girma ko yabo a kan wannan adadin, an koya masa matsa wa mutane. Zaman da ya ƙare mai shiga tsakani ya ce "wannan sai alƙali", ya kuma faɗa a kan lokaci, shi ma aiki ne ya yi kyau. A koma bayan shekara guda a tambayi iyalan ko yarjejeniyar tana aiki, ko yaran suna ganin iyayensu duka biyu, ko kuɗin yana zuwa. Wannan ne ma'aunin.

Ku kuwa lauyoyi, na san a cikinku akwai masu ganin sasanci zai rage musu abin sawa a baki. Ina ganin akasin haka ne ya kamata ya dame mu, wato a yi sasancin babu ku. A 1979 wasu masana shari'a biyu, Robert Mnookin da Lewis Kornhauser, sun bayyana cewa ma'aurata masu rabuwa suna cinikinsu ne a inuwar doka: kowa yana sassautawa ko ya dage gwargwadon abin da yake zaton kotu za ta ba shi. Wanda bai san haƙƙinsa ba kenan cinikin makaho yake yi, ya sayar da abin da bai san darajarsa ba. Mai shiga tsakani ba zai iya zama lauyan kowa ba, in ya zama ya ɓata tsaka-tsakinsa. Ku ne za ku zaunar da mutum ku gaya masa abin da doka ta tanadar masa kafin ya shiga, ku kuma duba masa daftarin kafin ya sa hannu. Ingila ta koyi wannan da tsada. A Afrilun 2013 gwamnati ta janye tallafin lauya daga yawancin shari'o'in iyali, da tsammanin mutane za su tururuwa zuwa sasanci. Sai adadin masu zuwa sasancin ya faɗi warwas, domin ashe lauyoyin ne ke nuna musu ƙofar. Da aka cire su, mutane suka riƙa zuwa kotu kai tsaye suna tsaya wa kansu. A 2014 aka wajabta zaman farko na neman bayani, a 2021 kuma aka fito da tallafin fam 500 ga iyalan da ke sasanta maganar yara. Duk ƙasar da ke son ta mayar da sasanci hanyar tsuke bakin aljihu kawai, ta dubi wannan.

Batun tilastawa kuma gajere ne a wurina. A tilasta wa mutum ya zo ya ji yadda abin yake, sau ɗaya, domin mai fushi ba ya zaɓar hanyar da bai sani ba. Kada a tilasta masa ya yarda da komai, kada kuma a hukunta shi don ya fito bai yarda ba. A kuma sa wa'adi. Mai ƙarfin aljihu yana iya mayar da sasanci wata dabarar jan ƙafa, yau ba shi da lafiya, gobe ya yi tafiya, uwa da yara kuma cikinsu ba ya jiran a kammala tattaunawa. Alƙali ya yanke ciyarwar wucin gadi tun ranar farko, ta riƙa tafiya yayin da ake zaman.

Allah ya gafarta malamai, in an kammala, takardar gabanku za ta dawo, a nan ne kuma aikinku yake da nauyin da babu mai ɗauke muku. Yarjejeniyar da babu hatimin kotu a kanta alkawari ne kawai, ranar da ɗaya ya ga dama sai ya yi watsi da ita, ɗayan ya koma farawa daga tushe bayan ya ɓata watanni. Ku ba ta ƙarfin hukunci, ta hanya mai sauƙi da arha. Amma kafin ku buga hatimin ku karanta ta da idon alƙali. In kun ga uwa ta yafe ciyarwa gaba ɗaya, ko uba ya sallama ganin 'ya'yansa kwata-kwata, ko ɗaya ya fita da komai ɗaya ya fita da tufafin jikinsa, ku kira su, ku tambayi kowa shi kaɗai ko da yardarsa aka rubuta. A kuma bar ƙofar gyara a buɗe. Tsarin da ya dace da ɗan shekara uku ba zai dace da shi ba in ya kai goma sha uku, aiki yana sauyawa, wani ya yi sabon aure, wani ya ƙaura. A rubuta tun farko cewa in hali ya canza za a koma ɗakin sasanci kafin a koma kotu.

Saura maganar yara, wadda ita ce ta kawo ni. Sashe na 12 na Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan Haƙƙin Yara ta 1989 ya ba yaro damar a ji ra'ayinsa a kan abin da ya shafe shi, gwargwadon shekarunsa da hankalinsa. Na yarda da wannan ɗari bisa ɗari. Amma jin ta bakin yaro daban, ɗora masa zaɓi daban, ni kuma na biyun aka yi mini. Abin da ya dace shi ne wanda aka horar a kan magana da yara ya gana da shi a keɓe, da yardarsa da ta iyayensa, ya tambaye shi yadda kwanakin nan suke a wurinsa, me ke hana shi barci, me yake so manya su sani. Ya kuma gaya masa tun farko cewa ba shi zai yanke ba, nauyin na manya ne. Daga nan a kai wa iyayen abin da yaron ya yarda a kai. Da an yi mini irin wannan tambayar, da ban ambaci gidan kowa ba. Da na ce ina so su daina ba ni saƙo in kai wa juna, ina kuma so kada a raba ni da ƙanwata. Uba ko uwar da suka ji irin wannan daga bakin ɗansu sukan sauko daga inda babu lauyan da ya isa ya sauko da su.

Duk wannan yana komawa ga mutanen da za a ɗora a kujerar. Girman shekaru da kyan suna ba su isa ba, ko da yake suna taimakawa. Dangin miji da na mata suna da amfaninsu, amma kowa nasa yake so, wani lokacin ma su ne ke rura wutar. Ana buƙatar mutanen da aka koyar da dokar iyali, da halayyar yara a kowane mataki, da alamomin cin zarafi, da yadda ake karanta takardun kuɗi, maza da mata, waɗanda ake biya albashin da zai hana su duban hannun mai ƙara, da wata hukuma da za a kai kukansu in sun karkata. Ku 'yan majalisa, wannan kasafi yake so, kuma ku ke riƙe da alƙalamin.

Kafin doka ta canza ma akwai abin da ke hannunku, ya ku alƙalai. A jerin ƙararrakin da za a kira gobe da safe akwai aƙalla ɗaya da ke da yara a ciki, wadda masu ita ba su riga sun gama tona wa juna asiri ba. Kafin a fara karanta takardun rantsuwa, ku sa a tambayi kowannensu a keɓe ko yana cikin aminci. In suna ciki, ku yanke ciyarwar wucin gadi, ku ba su 'yan makonni da mutumin da ya san aikin, ku kuma bar yaran a makaranta.

Mahaifina ya rasu shekara shida da suka wuce. Da muke gyara takardunsa na tarar da kwafin hukuncin nan, shafi biyu, ya yi ja don tsufa. A ƙarƙashinsa akwai kwafin sakamakon jarrabawata da na ƙanwata na kowane zango, har muka gama sakandare. Ashe makarantar yake zuwa ya karɓa a ranakun da ya san ba za mu haɗu ba. Mahaifiyata ba ta taɓa sanin yana yi ba sai ranar da na kai mata su.

Allah ya sa ku gama lafiya. Wassalamu alaikum.

Naku cikin girmamawa,
ɗaya daga cikin yaran da aka taɓa yin shari'a a kansu.